Bulo da Kwaɓi, Zuwa ga Habibu Kafin Mota ta Tashi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga hannun Alhaji Idi mai butik, dattijon layin masu shayi da igiya a kasuwar Dakoro, wanda ya shekara talatin da 'yan kai yana buɗe ƙofa guda, zuwa ga ɗansa na fari, Habibu, mai takardar bak ta gama sakandare da takardar ilimin kasuwanci, mai tafiya Maraɗi jibi da safe.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a ɗakinka na bakin zaure, wanda tsakaninsa da nawa taku ashirin ne, amma yau kwana tara ke nan ba ka taka su ba, ni ma ban taka ba. Allah ya kai ka Maraɗi lafiya. Ya tsare ka daga direba mai gaggawa, da ruwan da cikinka bai saba da shi ba, da abokin da bai san inda gabas take ba.

Ka san ni ba mai yawan magana ba ne. Yau zan yi, don haka ka gyara zama.

Ka tuna ranar da muke cin tuwo a tsakar gida, ka ce a rufe butik a ba mai walda haya, wai ciniki yanzu ya koma cikin waya. Ka ce har Turawan Ingilishi suna da suna na musamman da suke kiran irin kantinmu da shi, kuma a ƙasarsu irinsa mutuwa yake yi. Ka faɗi sunan da bakinka a gaban uwarka. Ni kuma na ɗauka zagi ne, na wanke hannuna, na bar miya a kwano na fita. Tun ranar ba mu sake haɗa ido ba.

To, na bincika. Na aiki ƙanenka Sabi'u, yaron nan mai hankali da natsuwa wanda ba ku san darajarsa ba a gidan nan, wurin mushe, wato malamin da ke koyar da Ingilishi a makarantar lise, wanda ke sayen ganyen shayi a wurinmu. Mushe ya rubuta kalmar a bayan kwali, ga ta an kwafo harafi bayan harafi: brick and mortar. Ya ce ma'anarta bulo da kwaɓin da ake ɗaura shi da shi. Sabi'u ya ce masa, "Mushe, tsakani da Allah, zagi ne ko ba zagi ba? Don in zagi ne, akwai wanda zai sha duka a gidanmu." Mushe ya yi dariya ya ce ba zagi ba ne. Ya ce haka suke kiran duk sana'ar da ke da gini da ƙofa, wadda mai saye zai tako da ƙafarsa ya shigo, ya taɓa kaya, ya ga idon mai sayarwa. Ya ce ba dole sai ginin bulo ne ba, ko na kwano ne ko na katako sunan ya hau shi, kuma har banki da kantin magani suna ciki. Sannan ya ƙara wata magana da ta fi yi mini daɗi. Ya ce ba a riƙa yawan faɗin kalmar haka ba sai da cinikin cikin waya ya fito, aka rasa yadda za a bambanta su da mu.

Ka ji ko? Da can kanti kanti ne, ba ya bukatar ƙarin suna. Baƙo ne ya zo, sai aka waiwayo aka raɗa wa mai gida suna don kada a rikita su. Na karɓi sunan, Habibu. Ni ne bulo da kwaɓi. Amma tunda ka san sunan ba ka san yadda aka yi ginin ba, bari in faɗa maka, kuma da kurakuraina zan faɗa maka, don su ne suka yi shi.

Lokacin da nake sa'arka ba ni da bango ko ɗaya. Jaki gare ni da mangala. Yau ina Kornaka, wani mako ina Bader Goula, duk inda kasuwa ta ci in shimfiɗa buhu a gindin itace in baza igiya da gishiri da shayi. Ina jin kaina wayayye, ina yi wa masu zaman kanti dariya, ina cewa sun ɗaure kansu kamar akuya a turke. Kusan abin da ka faɗa mini a kan tuwo, sai dai ni ban iya faɗinsa da Ingilishi ba.

Wata rana a Kornaka wani Bafulatani mai suna Buba ya sayi igiyar rijiya a wurina. Ka san rijiyoyin ƙasar nan, sai an ɗaura wa sa igiya ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo. Igiyar ta kwana biyu a ƙasan mangala, damshi ya ci cikinta, ni ban duba ba. Ranar da ya fara ja da ita ta tsinke, guga ya koma ƙasa da ruwansa, shanunsa suna tsaye suna kuka. Da kasuwa ta zagayo ya zo gindin itacen da ya same ni, ya tarar da mai tattasai. Ni ina can wata kasuwa ina ciniki, ban san komai ba. Sai bayan shekara biyu muka haɗu a nan Dakoro, a kasuwar bisashe. Ya riƙe wuyan rigata a gaban jama'a. Na ce, "Malam, in igiya ce zan ba ka wata." Ya ce, "Bahaushe, igiya takan tsinke, wannan ba komi ba ne. Na yini a hanya don in gaya maka, ban iske ka ba. Shi ne ya sa na ce ma mutanenmu kai ɓarawo ne."

Shekara biyu ana kirana ɓarawo a rugage ban sani ba. Ba don na cuci mutum da gangan ba, sai don ba ni da inda za a same ni. Ranar na yanke shawarar yin gini. Ƙarfen nan da ke kafe a ƙofar butik, wanda kuke rataya buta a jikinsa, saboda Buba na kafa shi. Duk mai sayen igiya ya ɗaura a nan, ya ja da ƙarfinsa, ya kira ɗan'uwansa su ja tare, in ta tsinke ta tsinke a gabana. Don haka, ɗana, duk abin da za ka sayar a Maraɗi, ko ta waya ko ta iska, ka tabbata mai fushi ya san inda zai same ka. Mai yabo ba ya shan wahalar neman ka. Mai fushi shi ke yini a hanya, kuma in ya same ka ka ba shi haƙuri, ya zama naka har abada. 'Ya'yan Buba har yau ba su sayen ko allura sai a wurinmu.

Kuskure na biyu a ginin kansa na yi shi. Magini ya ce a bar kwaɓi ya kwana bakwai da ciyawarsa, ana juyawa ana ba shi ruwa, ya ruɓa sosai kafin a ɗora bulo. Ni kuma ina so in buɗe kafin makiyaya su wuce arewa. Na ce masa, "Ƙasa ƙasa ce, yau ka kwaɓa gobe ka ɗora." Ya dube ni ya ce, "Kanti naka ne." Ya ɗora. Na shafe bango, na sa ƙofar kwano, na zauna a ciki ina kallon masu wucewa kamar kantoma. Ruwan farko na damina da ya zo da iskarsa daga gabas, bangon nan ya kwanta gaba ɗaya a kan buhunan sukari. Da gari ya waye awakin unguwa sun fi ɗari a cikin butik ɗina suna lasar ƙasa, yara na taya su. Shekara guda ana kirana Idi mai ciyar da awaki.

Na sake gini, wannan karon na bar kwaɓi ya kwana goma, har magini ya gaji ya ce ya isa haka. Shi ne bangon da ka jingina da shi kana karatun bak. Bulo kowa yana ganinsa, kwaɓi kuwa yana tsakani, ba mai yaba shi, kuma ba ya son gaggawa. In ka je Maraɗi za ka so a san ka cikin mako guda. Kada ka yi alkawarin kai kaya ranar da ka san mota ba ta zuwa. Kada ka buɗe abu biyar alhali ɗaya bai bushe ba. Ka bari a daɗe ana ganin ka wuri guda kana yin abu guda, har mutane su daina tambaya ko kana nan.

Na uku shi ne wanda uwarka ke ba baƙi labarinsa in tana so ta kunyata ni. Wani Buzu daga wajen Tagriss, Agali, ya ce in samo masa rawanin shuni na gaske, irin mai ƙyalli, zai ɗaura ranar bikin ƙanensa. Na sa aka kawo. Da na buɗe ƙunshin sai na ga hannuna ya yi baƙi-baƙi da shuni. Na ce assha, an cuce ni, an ba ni mai zuba. Don kada in ji kunya na kai gida na sa aka wanke shi da sabulu, ruwa uku, har ya daina zuba, aka shanya aka ninke. Agali ya zo, na miƙa masa ina murmushi. Ya goga a bayan hannunsa, ya duba, babu komai. Ya sake gogawa a kumatu. Ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Na ga an yi wa rawanina wankan gawa."

Ashe zubar ita ce darajar. Shunin da ke kama fata shi ake saye, shi ne adon. Ni na zuba shi a kwata da hannuna. Agali bai tafi ba. Ya zauna a kan bencin nan, ya sa na dafa shayi, ya sha kofi uku yana zagina cikin Hausarsa, kuma cikin zagin ya koya mini yadda ake gane shuni, yadda ake auna rawani da kamu, da dalilin da ya sa ba a ninke shi ta kowane gefe. Duk abin da na sani a sana'ar nan a kan bencin nan na koye shi, daga bakin mutanen da na ɓata wa rai. Hoto a waya yana nuna launi, amma ba ya zuba a hannu, kuma wanda ya ga hoto bai ji daɗi ba, kashe waya kawai zai yi, ba zai zauna ya koya maka komai ba. Don haka ka nemi inda za ka riƙa zama da masu sayen kayanka ido da ido. In sun zage ka, ka ƙara musu shayi.

Na huɗu sabo ne, bai ma bushe ba. Lokacin da ka fara ɗaukar hoton kayanmu kana aika wa mutane, na ce wasan yara ne. Har da wani ya zo daga Bader Goula ya ce ya ga hoton tabarmar roba a wayar surukinsa, na sayar masa, na ƙi faɗa maka don kada kanka ya kumbura. Kuma ranar tuwo bai kamata in wanke hannu in fita ba. Uba yakan zauna ya tambayi ɗansa abin da yake nufi. Na yi fushi da kalmar da ban san ma'anarta ba, na ɓata kwana tara daga cikin 'yan kwanakin da suka rage mana. In ka haifi naka, kada ka yi haka.

To, an gama kurakurai. Yanzu ka buɗe kunne, don nan ne daɗin yake.

Shekaran jiya da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a gida, ka aiko da wayarka a sa maka caji a butik, tunda mu masu mutuwa mu ke da faranti mai ɗaukar rana a kan rufi. Tana nan sai ta yi ƙara. Sabi'u, saboda ladabinsa da son taimako, ya ɗauka. Wata madam ce daga ofishin da za ka yi wa aiki a Maraɗi, masu sayar da kaya ta waya. Ta ce da wa take magana. Ya ce da sakataren Alhaji Idi. Ta ce madalla, dama maganar wuri ce. Ta ce mutanen Dakoro da na daji suna ganin hoto suna so, amma ba su yarda su ce a kawo ba, sai sun san inda kayan zai sauka, da wanda za su riƙe in abin bai yi ba. Ta ce suna neman wuri mai gini da ƙofa, sananne, inda mota za ta sauke ƙunshi mutane su zo su duba su ɗauka. Ta ce kai ka yi alkawarin samo musu kafin ka taso. Sakatare ya ce, "Madam, wato bulo da kwaɓi kuke nema?" Ta ce ƙwarai, ko na ƙasa ne, in dai an san shi.

Habibu, na yi dariya har hulata ta faɗi cikin gishiri. Mutanen cikin waya, masu ciniki a iska, sun yi yawo sun yi yawo sun dawo suna neman bango. Wa ke da bango? Wa ke da ƙofar da makiyayi zai kwatanta wa ɗan'uwansa daga bakin rijiya a Tagriss, ya zo ya same ta ba tare da ya tambayi kowa ba? Ɗakin bayan nan namu ya riƙe sirdin raƙumin Agali damina uku ba a taɓa ko igiyarsa ba. Ya riƙe takardun rigakafin shanu, da keken ɗinkin wata baiwar Allah, da saƙon baki na mutanen da ba su da waya. Ajiya ita ce aikinmu tun kafin a haifi madam. Abin da suke nema da sabon suna, mun daɗe muna yinsa ba suna.

Amma kai fa? Labari ya zo mini cewa jiya an gan ka wajen yaron nan mai rumfar kwano a bakin tasha, mai cajin waya, wanda ya buɗe bara, kana auna rumfarsa da ido. Rumfar da in iska ta taso sai ya rungume ta. Ka fi so ka kai amanar mutane can da ka taka taku ashirin ka ce, "Baba, ina da magana." Wannan taurin kai na san inda ka gado shi, shi ya sa ban yi mamaki ba. Sai dai in ka ba wancan, ƙunshin farko da ya ɓata sunanka ne zai bi rugage, kamar yadda nawa ya bi, kuma kai kana Maraɗi ba ka sani ba.

Ga shawarata ta ƙarshe. Ka zo gobe. Ba sai ka ba da haƙuri ba, ni ma ba zan bayar ba, kada mu kunyata juna a gaban kasuwa. Ka yi sallama, ka zauna a benci, ka faɗi abin da madam ke so. Kai ka riƙe waya a Maraɗi, mu mu riƙe ƙofa a Dakoro. Kuma in ka samu albashin farko, ka tuna da Sabi'u da takalmi lamba arba'in da biyu.

Allah ya yi maka albarka. Ya sa ka sauka lafiya, ka kwana lafiya, ka tashi lafiya. Ya haɗa ka da masu gaskiya, ya raba ka da igiya mai ruɓaɓɓen ciki. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Yaya Habibu, in ka kawo nan kana share hawaye, to share da kyau, ni ne Sabi'u.

Kai da bak ɗinka, ya kamata ka gane tun layin farko. Yaushe Baba ya taɓa kiran sunanka? Kai ɗan fari ne, tun da aka haife ka "wancan" yake ce maka, ko "yaron nan". Ni na rubuta Habibu har sau nawa ba ka farga ba. Kuma Baba da ajami yake rubutu. Wannan karkataccen bokon nawa ne, wanda na koya a jikin kwalaye da cikin wayarka, bayan na sauke allo. Labaran kuwa duk gaskiya ne, a bakin Inna na ji wasu, wasu a kan benci.

Sai dai abin bai tafi yadda na shirya ba. Ɗazu bayan la'asar ina durƙushe a kan buhun sukari ina rubutu, sai na ji inuwa a kaina. Ya ce, "Mi kake rubutawa tun jiya kamar mai ƙara a kotu?" Na ce addu'a ce. Ya ce, "Karanto mini addu'ar." Na karanta, Yaya, tun daga bismilla, ina kallon inda bulalar raƙumi ke rataye. Da na kai wurin yaro mai hankali da natsuwa ya ce in goge, na ce biro ba ya gogewa. Da na kai wurin yaro mai hankali da natsuwa ya ce in goge, na ce biro ba ya gogewa. Da na kai kuskure na huɗu, na ranar tuwo, wanda ni na ƙirƙira masa don bai taɓa faɗa ba, na dakata ina jiran mari. Marin bai zo ba. Ya juya baya yana gyara duwatsun sikeli da ba su karkace ba. Sannan ya ce, "Ci gaba."

Da na gama ya shiga ɗakin baya. Na ji yana jan kaya. Ya kwashe kantar hagu gaba ɗaya, ya share ta da hannun rigarsa, ya bar ta fayau. Ya fito ya rataya makullin ɗakin a ƙusa, kusa da ƙofa, ya ce, "Ka ce ma wancan, ga makulli nan. In yana so shi zo shi ɗauka da hannunshi."

Wannan layin kaɗai ne nasa a duk takardar nan, kuma ban ƙara ko wasali ba.

Gobe muna buɗewa bayan asuba. Inna ta ce za ta aiko da furar mutum uku. Ka san inda ƙofar take, ba ta taɓa matsawa ba. Allah ya tashe mu lafiya, ya kai ka lafiya, ya tsare mana kai a duk inda ka sa ƙafa.

Ƙanenka, sakataren Alhaji,
Sabi'u

Maganar takalmi kuma tana nan.